Baba Bai Ɓoye Gwiwar Takwaransa Ba

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma Baba ya riga mu komawa. Surukina ne, mahaifin maigidana, kakan 'ya'yana. Ya rasu a asibiti wata ranar Talata da hantsi, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Washegari aka yi masa sutura a nan Maryland ta Amurka, ƙasar da ya zo aikin rediyo yana cewa 'yan shekaru kaɗan zai yi ya koma gida.

Ba tarihinsa zan bayar ba. Abokan aikinsa na sashen Hausa sun bayar, sun kuma fi ni iyawa. Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, rubutuna a hankali yake tafiya. Abin da ya zaunar da ni da biro a hannu shi ne maganganun da na ji a falona lokacin zaman makoki.

Gidanmu na Silver Spring ya cika, takalma sun kai har ƙofar maƙwabta. Ina rarraba ruwa da abinci, kunnena yana aikinsa. Wani tsohon abokin aikinsa, mutumin Nijar, ya gama addu'a ya shafa, sai ya karkata ga na kusa da shi ya ce, "Tsohon ga, Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki na. Amma bai iya riƙe baki ba." A ɓangaren mata wata ta ce, "Da yanzu yaron nan yana cikin manya, ana nuna shi a talabijin kullum." Wata ta amsa mata ƙasa ƙasa, "Kuma fa kakansa ne, ba wani bare ba." Maƙwabciyata, nas ce 'yar Jos, ta ji su. Ta matse hannuna ta ce, "Maman yara, kar ki sa a rai, bakin mutane ne."

Na sa a rai. Ban yi musu magana a ranar ba, don gawa ba ta daɗe da fita ba. Yanzu zan yi.

Yaron da suke nufi ɗana ne na fari. Sunan Baba aka sa masa, don haka bakina bai taɓa kiran sunan ba, mai sunan Baba nake cewa. Baba yana kiransa Takwara, shi kuma yana kiran Baba da Tsoho, irin wasan jika da kaka. A nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa. Tun yana makarantar firamare ya wuce sa'o'insa tsawo, kafin ya gama sakandare sai ya sunkuya yake shiga kicin ɗina. Ƙwallon kwando ya kama, ita ta kai shi jami'a.

Baba ne ya riƙa kai shi filin wasa tun yana ƙarami, a bas, da kaftani da hula, in sanyi ne ya ɗora jaket a kai. Kafin ya zo Amurka ya yi shekaru yana sharhin kokawa da ƙwallon ƙafa a rediyon gida, idonsa ya saba da kallon jikin ɗan wasa. In ana nuna wasa a talabijin sai ya kashe murya. Ya ce, "Waɗannan surutu suke sayarwa. Na yi aikin, na sani." Ba ya bin ƙwallo da ido kamar kowa. Ƙafafu yake kallo, da abin da yaro yake yi in ƙwallon ba ta hannunsa, da fuskarsa in an cire shi an zaunar da shi a benci.

Iyayen sauran yara su yi ta ihu da tsalle, shi yana zaune hannu a kan sanda. In sun dawo gida sai a fara shari'a a kan tabarmar cin abinci.

"Takwara, da aka ƙwace ƙwallo a hannunka, me ka tsaya nema a fuskar alƙalin wasa? Surukinka ne?"

"Tsoho, mu fa muka ci wasan."

"Su suka ci. Kai rakiya ka yi musu."

"Kai ko tsalle ɗaya ba za ka iya ba."

"Ni ba a ce ina da tsawon banza ba. Miƙo min miya da hannun hagu, mu ga ko yana aiki."

Yaron ya yi dariya har tuwo ya kusa shaƙe shi.

Ni ma Baba ne ya koya mini kallon wasan. Lokacin da na zo ƙasar nan tsoron jirgin ƙasa nake yi, shi ya riƙa raka ni, yana sa ni karanta sunayen tashoshi da ƙarfi har na daina kuskure. Bai taɓa yi mini dariya ba. Ranar da aka fara kai ni kallon wasa kuwa na tafa lokacin da abokan hamayya suka jefa a kwandonmu. Bai ce komai ba sai da muka fito. Ya ce, "'Yar nan, gobe bayan la'asar akwai makaranta. Uwar ɗan wasa ba ta tafa wa masu dukan ɗanta." Haka ya zaunar da ni gaban talabijin marar murya, yana nuna mini da bakin sanda, har na fara ganin abin da yake gani.

Masu cewa ba ya son yaron ba su taɓa jin sa a kicin ba. A gaban yaron, laifi kawai yake lissafawa. In yaron ya fita sai ya jawo kujera kusa da ni ina tuƙa tuwo, ya rage murya kamar mai gulma. "Kin ga miƙawar da ya yi jiya? Bai waiga ba, ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya kafin shi ɗan'uwan ya sani. Wannan ba koci ke koyar da shi ba." Ni kuwa, tun da ɗan fari ne, ba na yabonsa. Sai in ce, "Allah ya shirya shi." Ya ce, "Amin. Ke ma kin ji daɗi, kina ɓoyewa."

Rigimar ta taso ne lokacin da yaron ya yi suna a jami'a. A ƙasar nan, kowace shekara manyan ƙungiyoyin ƙwararru suna zama su zaɓi matasan 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, abin da suke kira diraf. Wanda aka kira sunansa ya shiga cikin manya. Yaro yana iya barin karatu ya sa sunansa, amma in ya yi nisa a ciki ba a komawa wasan jami'a. Wani wakilin 'yan wasa ya fara zarya gidanmu, yana cewa bana ce shekarar yaron, in an jira baɗi wasu za su taso.

Maigidana ya yarda. Baba ya ƙi. Ban taɓa jin muryoyinsu sun haɗu haka ba.

"Baba, kowa ya ce ya isa. Jaridu sun ce, koci ya ce."

"Kowa bai zauna ya kalli yadda yake dira ba. Da ƙafar dama kaɗai yake sauka, yana lallaɓa ta hagun kamar ƙwai. Ka tambayi uwarsa me take yi da ruwan zafi duk ranar Lahadi."

Maigidana ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai, don gaskiya ne. Tun wata faɗuwa da ya yi a lokacin sanyi, gwiwarsa ta hagu take kumbura in ya yi wasa mai zafi. Ya ɓoye wa kocinsa. In ya zo gida ƙarshen mako sai ya rufe ƙofar ɗaki, ya miƙe ƙafar a kan cinyata, in yi ta gasa masa da tawul yana cije leɓe. Ba wanda ya gaya wa Baba. A dirar ya gani.

Duk da haka yaron ya sa sunansa. Baba bai hana shi ba, ya ce babba ne, ya sa masa albarka. Wakilin ya tara mu ya ce ƙungiyoyi za su turo mutanensu su yi tambaya a kan yaron, a makaranta da unguwa da gida. Ya ce alheri kawai za mu faɗa, gwiwa kuwa kar wanda ya ambace ta. Baba ya ce, "Ni kar a turo mini kowa, in haka ne." Wakilin ya ɗauka wasa yake yi.

Aka turo. Wata rana da azahar, maigidana yana wurin aiki, yaron yana wurin atisaye, wani dogon mutum mai furfura ya ƙwanƙwasa. Baƙar fata ne ɗan ƙasar nan, ya ce shi ma tsohon ɗan wasa ne, yanzu aikinsa duba matasa wa wata ƙungiya. Ya ga takalma a bakin ƙofa sai ya cire nasa ba a gaya masa ba. Baba ya ce ba magana sai ya ci abinci. Na zuba masa shinkafa da miyar taushe, ya ci yana zufa yana yabawa.

Baba yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko daga aikin fassara. In ana Turanci a gabana, ko da ina ji, duk abin da aka faɗa sai ya juyo ya maimaita mini da Hausa. Yakan ce ba a maganar ɗa a bayan kunnen uwarsa. Saboda haka babu kalmar da ta wuce ni a ranar. Masu magana a falona ba sa nan. Ni ina nan.

Mutumin ya yi tambayoyin gida, na tarbiyya, na abokai. Can sai ya ajiye cokali ya ce, "Kai ka fi kowa kallon yaron nan. Da kai ne a kujerata, me zai dame ka game da shi?"

Baba ya juyo gare ni ya ce, "'Yar nan, kin ji. Mutumin nan bincike ya zo, irin wanda ake yi a gida kafin a ba da aure. Da bai tambaya ba, da na yi shiru. Ya tambaya, ya zama amana."

Ya fara da alherin. Ya ce yaron yana ganin fili gaba ɗaya. Hannayensa dogaye ne, in ya tsare mutum sai mutumin ya nemi wata hanya. Ba ya gajiya, ba ya rowar ƙwallo, ba ya shan komai, ba ya yi wa koci ƙarya a kan lokacin atisaye. Ban taɓa jin Baba ya yabi jikansa a gaban wani ba sai ranar.

Sannan ya gyara zama. Ya ce hannun hagu bai nuna ba, duk wanda ya tura shi hagu ya gama da shi. Jikinsa bai cika ba, manya za su riƙa ture shi ƙarƙashin kwando. In koci ya yi masa faɗa zai sunkuyar da kai, ku ɗauka ya karɓa, alhali ciki ya kai, zai yi kwanaki yana ɗauke da abin. Ya ce, "Akwai kuma wanda mu muka jawo. Mun koya masa ƙarami ba ya sa hannu a kwano kafin babba. To har fili ya tafi da shi. In akwai wanda ya girme shi a kusa, sai ya miƙa masa ƙwallo, ko da shi ne kwando ya buɗe wa. A gida ladabi ne. A wurinku asara ce. Sai an cire masa a hankali."

Mutumin ya yi murmushi, ya ce ya lura da hakan amma bai san dalili ba.

Sai Baba ya faɗi gwiwar. Ya faɗi lokacin da ta fara, da yadda take kumbura, da yadda yaron yake ɓoyewa. Ya maimaita mini da Hausa kalma bayan kalma, bai rage ba. Mutumin ya daina murmushi. Ya juyo ya dube ni, ni uwa. Da na girgiza kai, ko na ce tsoho ne ya ruɗe, da ya yarda da ni. Na ce masa da Turancina, haka ne.

Abu na ƙarshe da Baba ya gaya masa a bakin ƙofa shi ne, "Ku ɗauke shi, ba za ku yi nadama ba. Amma ku gyara ƙafar, ku ba shi shekara. In gaggawa kuke yi, ku bar mana abinmu da ƙafafunsa biyu."

Ranar zaɓen, mutane suka cika gidan nan kamar yadda suka cika shi ranar makoki. Aka yi ta kiran sunaye har aka gama. Ba a kira nasa ba. Mutane suka sulale ɗaya ɗaya, abincin da na dafa ya kwana a tukwane.

Wakilin ne ya gaya wa yaron cewa maganar gwiwa daga gida ta fita. Ya shigo ya tsaya a kan Baba, kansa ya kusa taɓa fanka.

"Tsoho, kai ne?"

"Ni ne."

"Me ya sa?"

"An tambaye ni."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce ni ma na tabbatar ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba. Ya hana ni faɗa. Ya ce yaro yana iya rayuwa yana fushi da kakansa, amma a irin wannan lokaci yana bukatar cinyar uwarsa.

Daga ranar yaron bai sake cewa Tsoho ba. Bai yi rashin kunya ba ko sau ɗaya. Kullum da safe zai durƙusa har ƙasa, da wannan gwiwar, ya ce da Hausa tsantsa, "Ina kwana, Baba." Baba ya amsa, ya bi shi da ido har ya fita. Wata rana ya ce mini, "Takwara ya fara gaishe ni kamar baƙo." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Daga baya wata ƙungiya a Turai ta ɗauki yaron. A can aka yi masa aiki a gwiwar, ya yi jinya, ya koma fili. Shekaru ke nan yana wasa a can. Baba ya sa aka koya masa neman wasannin a kwamfuta, yana kallo ba murya kamar yadda ya saba. In yaron ya bugo waya, gaisuwa ce ta ladabi, a ajiye. Baba bai nemi afuwa ba, ni kuma ban taɓa ce masa ya nema ba. A asibiti na tambaye shi ko akwai saƙo. Ya ce, "Ki ce masa na ga wasan ranar Asabar. Ya daina jiran manya."

Ban sani ba ko maganar Baba ce ta hana a kira sunan. Wakilin ya ce ita ce. Su ƙungiyoyin suna da likitocinsu, wataƙila da sun gano da kansu, wataƙila da ba su gano ba. Ba wanda ya sani, har da masu rantsuwa a falona. Abin da na sani, ni na riƙe gwiwar nan a hannuna tana zafi kamar an ɗora ta a wuta. Da an ɗauke shi a matsayin mai lafiya, da gudu za a sa shi kullum har ta ƙare. Masu cewa da yanzu yana talabijin, ba su ne za su tura keken guragu ba.

Yaron bai samu jana'iza ba, sai ana gobe addu'ar bakwai ya sauka. Yayar maigidana, gwaggon yara, ta zo daga Springfield da shirinta. Ta ce ta yi magana da liman: bayan karatu zai sake roƙon duk wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe, sai yaron ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya yafe wa kakansa. Ta ce, "A wanke tsohon nan, ya kwanta da sauƙi, bakin mutane ya mutu." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, mahaifinta ne. Na ce, "To, Yaya, na ji."

Da safe na kira shi kicin na tura ƙofa.

"Gwaggonka ta gaya maka?"

"Ta gaya mini. Zan yi, Mama. Ba wani abu ba ne."

"Wani abu ne. Yafiya tsakaninka da Allah, ka yi ta yanzu, ka yi ta kullum, ba mai hana ka. Amma in ka miƙe a gaban mutanen nan ka ce ka yafe, ka sa hannu ke nan cewa ya cuce ka. Haka za a riƙa ba da labarinsa har 'ya'yanka su ji."

"To ai ya yi."

"Ranar da mutumin nan ya zo, ina zaune. Da kakanka ya gama, ni ya kalla. Na ce haka ne."

Ya tsaya yana dubana.

"Shi ya hana ni gaya maka. Kuma ko yau aka sake tambayata, abin da zan ce ke nan. In za ka miƙe, to ka kira mu mu biyu. Ka ce ka yafe wa kakanka da uwarka, don sun ƙi yin ƙarya a kan ƙafarka. Zan tashi tsaye kowa ya gan ni."

Ya buɗe ƙofa ya fita.

A zauren da aka yi addu'ar, maza suna gaba, mu muna baya. Ko a zaune kansa ya fi na kowa, ina hango shi. Aka gama karatu. Liman ya yi roƙonsa, ya ce in akwai wanda yake da magana, ga dama. Kawuna suka juya wuri ɗaya. Gwaggo ta yi gyaran murya. Abbansa, maigidana, ya taɓa shi da gwiwar hannu. Na ga kafaɗun yaron sun motsa.

Bai tashi ba. Ya zauna daram, idonsa a kan liman, bai sunkuyar da kai ba. Shirun ya yi tsawo har wani ya yi tari. Liman ya ɗaga hannuwa ya ce a yi fatiha.

A wurin ajiye motoci ya zo ya karɓi kulolin abinci daga hannuna. Muna tafiya ya ce, da Hausa, a hankali, "Mama, ban huce ba fa."

"Na sani."

"Har da ke."

"Na sani. Ka yi fushinka a gida, namu ne. Ba na mutane ba ne."

Ya sa kulolin a bayan mota. Ya tsaya riƙe da murfin, ya ce, "Gobe Abba ya kai ni maƙabarta, wurin Tsoho."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya karɓi amanar da ya riƙe ranar da riƙe ta ya yi masa tsada. Wanda zai yi masa addu'a, mun gode, Allah ya ba da lada. Wanda kuma har yanzu yake ganin da ya yi shiru, kar ya faɗa a bayan gawa. Ya zo ya same ni. Ina gida kullum bayan la'asar.